Gashi a Faifan Shinkafa

Talata, 9 ga Yuli, da hantsi

Ranar Alhamis ɗin can ce. Ko me zai faru nan gaba, daga ita zan riƙa kamo labarin.

Rana ta fito tas. Uwar mijina, da muke kira Ammak, wato Mama a yaren nan, ta tafi kasuwa da busasshen kifinta, ni kaɗai a gida. Na wanke kai, na zauna bakin taga ina shanya shi ina karatu. Na zo wurin da yarinyar cikin littafin ta tsaya a tashar jiragen ruwa tana jiran saurayinta, iska tana kaɗa mata gashi, wai har ƙarshensa sheƙi yake kamar an shafa masa zuma. Sai na kamo nawa na duba. Ya Salam! Kowane sili ya tsage biyu a baki, wani ma uku, ya yi ja ya bushe kamar zaren ɓawon kwakwa. Iskar gishirin garin nan ce. A can gida Malino, kan duwatsu, gashina bai taɓa yin haka ba.

Na san dokar. Ba zan ce ban sani ba. Ranar da jirgin su mijina Daeng Sahar (Daeng laƙabin girmamawa ne a nan) zai tashi zuwa Fakfak neman ƙwan kifi mai fiffike, Ammak ta zaunar da ni ta faɗa min tas: matar da mijinta yake kan teku ba ta kuka a bakin ruwa, ba ta kwana a wani gida, ba ta sa almakashi a kanta har sai ya tako tsanin gidansa da ƙafarsa. "Gashinki igiyarsa ce," in ji ta. "Ita zai kama ya dawo." Na ce to, Ammak. A raina na ce maganar nan ta yi daɗi, kamar a littafi.

Amma ni ba aski na yi ba. Ina so wannan ya zauna a rubuce. Almakashin ɗinki na ɗauko, na riƙa ɗibar gashin kaɗan-kaɗan ina murɗawa har tsagaggun bakunan su miƙe su fito, in ɗaga su a hasken rana in datse su ɗaya bayan ɗaya, yadda muke yi wa juna a gida. Duk abin da na cire bai cika tafin hannu ba. Tsawon yana nan har ƙugu. Na share wurin, na shafa man kwakwa, na duba madubi na ji daɗi. Har na zauna ina tsara yadda zai shigo, ya ajiye jaka, ya zare min ɗankwali, ya kira ni da sunan da yake lallashina da shi ya ce, "Andik, me kika yi wa kanki haka ya yi laushi?"

Washegari Juma'a ya kamata ya kira. Duk Juma'a suke shiga gaɓa ɗibar ruwan sha da mai, su yi salla, ya hau tudun da ake samun sabis ya kira ni.

Bai kira ba. Juma'ar da ta biyo ma haka.

Laraba, 10 ga Yuli, bayan azahar

Waya ba ta yi ƙara ba. Na sake sa ta a caji, ko da yake a cike take.

Alhamis, 11 ga Yuli, da safe

Sia ta shigo da soyayyar ayaba. Rabasia sunanta, gidansu yana kallon namu, mijinta Jumakking kuma jirgi ɗaya suke da Daeng Sahar. Tun daga ƙasan tsani take ɗaga murya.

"Ke Eda! Fito da kanki daga littafin nan kafin ki auri mutumin da ke ciki."

"Ya fi naki wanka ai," na ce.

"Wallahi kuwa. Bari Jumakking ya dawo, a kejin kaji zan kulle shi. Na san halinsa. Ya samu wata 'yar Fakfak tana gasa masa kifi, ya kashe waya, ya kuma ce wa sauran duk wanda ya kunna tasa sai ya jefa shi ruwa."

Muka yi dariya. Ita ta daɗe tana yi, har ta wuce inda abin dariyar ya ƙare.

Zafi ya dame ta, ta cire mayafi tana fifita da shi. Gashinta ya yi buzu-buzu a baki kamar tsohuwar tsintsiya. Haka na kowace mace yake a layin nan a wannan lokaci, har alfahari suke da shi. Ni ban cire nawa ɗankwalin ba.

"Ba kya jin zafi?"

"Mura ke damuna."

Ta ce in sha citta.

Juma'a, 12 ga Yuli, bayan an sauko masallaci

Mun zauna ni da Ammak, waya a tsakaninmu kan tabarma. Ita tana tsinke ganye, ni ina riƙe da littafi, shafi ɗaya tun safe.

Wayar ta yi ƙara. Ammak ta miƙe tsaye, ganyen ya zube. Yayana Talli ne daga Malino, wai Mama tana tambaya ko a aiko min da dankali. Na ce a'a, na kashe da sauri kada layin ya zama a cike.

Ammak ta durƙusa tana tsince ganyenta ɗaya-ɗaya.

Asabar, 13 ga Yuli, da yamma

An samu labari. Wani ɗan layinmu da ke wani jirgin ya kira matarsa, ya ce ya ga su Daeng Sahar sun ɗaga komarsu ta ganyen kwakwa sun nausa gabas, can gaba da inda aka saba, don kifin bai zuba ƙwai sosai ba bana. Ya ce a makon iska ta ɗan yi ƙarfi. Ɗan, haka ya ce.

Daeng Ngai, matar shugaban jirginsu, ita ta bi gida-gida tana faɗa. "Kun ji ko? Gabas suka yi. Can babu sabis. Shi ke nan fa, babu wani abu." Kowa ya ce alhamdulillahi. Ni ma na ce.

Na so in tambaye ta wane mako ne. Ban tambaya ba.

Lahadi, 14 ga Yuli, da azahar

Dole in rubuta wannan.

Akwai shinkafa mai danƙo da Ammak ta ware tun ranar da jirgi ya tashi. Ba a taɓa ta. Ita za a turara ranar da ya dawo, ya ci kafin ya ci komai. Lokaci-lokaci takan zuba ta a faifai ta sha iska saboda ƙwari, a ƙarƙashin gida, inda take ajiye kaji da itace. Gidanmu a kan dirkoki yake kamar na kowa, daɓen katako ne, tsakanin katako da katako yatsa yana shiga. Kullum ina shara ina tura ƙura ta nan. Ban taɓa tunanin me ke ƙasa ba.

Ranar Alhamis ɗin can, kafin ta tafi kasuwa, ashe ta shanya faifan daidai ƙarƙashin tagata.

Yau ta sake zazzage shinkafar. Na ji ta kira, "Eda. Sauko."

Na same ta zaune, faifai a cinya, ganyen ayaba shimfiɗe a gefe. Tana tsintar wani abu da farce tana ajiyewa kan ganyen. Baƙaƙe, gajeru, kowanne da baki biyu.

"Nawa fari ne," ta ce, ba ta ɗago ba. "Kaji kuma ba irin wannan suke da shi ba."

Sai ta ɗago ta dube ni.

"Cire ɗankwalin."

Na cire. Ta miƙo hannu ta kama ƙarshen gashina, ta murza shi tsakanin yatsu, ta ɗaga shi a haske yadda ni ma na ɗaga shi ranar.

"Ya yi kyau," ta ce.

"Ammak, bakin ne kawai, wallahi ban taɓa tsawon..."

"Hau sama. Tukunya tana ƙonewa."

Da ta zage ni da ya fi min.

Litinin, 15 ga Yuli, da safe

Babu almakashi a gwangwanin ɗinki. Ammak da kaji kawai take magana.

Talata, 16 ga Yuli, bayan la'asar

Waya ba ta yi ƙara ba.

Laraba, 17 ga Yuli, da hantsi

Na fito da littattafaina duka daga kwali, waɗanda na zo da su daga gida da waɗanda Daeng Sahar yake sayo min in ya shiga Makassar. Shi ba ya karatu, da bango yake zaɓa. In ya ga an zana mace tana kuka ya ce, "Wannan zai yi miki." Ban karanta ko ɗaya ba yau. Shafin ƙarshe kawai na riƙa buɗewa.

Duk sun dawo. Wani ya dawo da gemu. Wani ya dawo ya manta sunansa, sai da ya ga zoben yarinyar ya tuna. Wani ya dawo da mota da direba. Ni ba na son mota. Ya dawo da warin kifinsa da tsagaggun ƙafafunsa, ya yi min minsharin da nake ƙorafi a kai.

A littafi, in yarinya ta yi kuskure, kuskuren babba ne: ta yi ƙarya, ta gudu, ta buɗe ƙofar da aka hana ta. Ban taɓa karanta wadda ta zauna a bakin taga da almakashin ɗinki don tana so ta yi wa mijinta kyau ba.

Malamin masallacinmu na Malino da zai ji wannan cewa zai yi camfi ne, in yi istigfari. Na yi. Na kuma sake yi. Amma duk lokacin da na sa mataji sai in ji kamar ina taɓa wani abu da ya tsinke.

Alhamis, 18 ga Yuli, da sassafe

Na je rijiyar bayan gida tun kafin mutane su fito, in wanke kai in rufe. Ina cikin matsewa na ji motsin guga a bayana.

Sia ce.

Ta fara da wasa. "Kai, amaryar kan dutse, wannan gashi sai ka ce..." Sai ta tsaya. Ta matso. Ta duba ƙarshensa da ruwa yake ɗiga, a jere sumul.

"Eda."

"Ɗan kaɗan ne, Sia. Tsagewar kawai na cire."

"Yaushe?"

Na faɗa mata. Na ga tana lissafi a ka, leɓenta yana motsi. Ta ajiye gugan a hankali kamar mai ajiye jariri.

"Kin san tun yaushe nake yawo da wannan tsintsiyar a kaina? Kin ɗauka ni ba ni da madubi? Ko ba ni da almakashi?"

"Ban ɗauka zai..."

"Jumakking ma yana cikin jirgin nan, Eda. Ba naki kaɗai ba ne a ciki. In igiya ɗaya ta tsinke, jirgi ɗaya ne fa."

Na roƙe ta kada ta faɗa wa kowa. Ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba. Ta tafi ta bar gugan.

Juma'a, 19 ga Yuli, bayan an sauko masallaci

Bai kira ba.

Na fita sayen sabulu. Matan da ke zama a bencin bakin ruwa suna hira, ina isowa aka yi tsit. Mai shago ta ajiye min sabulun a kan tebur maimakon ta miƙo min a hannu. Da na juya na ji wata ta ce, "Haka ake yi in an je kan dutse ɗauko mata. Kabeji suka sani."

Ban yi kuka a bakin ruwa ba. Wannan dokar dai na kiyaye ta. Sai da na hau sama.

Asabar, 20 ga Yuli, da hantsi

Ammak tana ƙasa wajen kaji, na shiga ɗaki na kira Talli. Na faɗa masa komai da ƙaramar murya.

"Gashi?" ya ce. "Saboda gashi? Ke, mutanen bakin tekun nan iskar gishiri ta cinye musu kai. To ni da nake aski duk wata, ya kamata dankalina ya nutse ke nan."

"Daeng, ba wasa nake ba. Ka zo ka ɗauke ni."

Ya daina dariya. Ya ce suna tsakiyar haƙar dankali, amma Asabar mai zuwa zai sauko da babur. In haɗa kayana.

Sai da na ajiye wayar na tuna dokar. Ba ta kwana a wani gida. In na hau babur ɗin, na karya ta biyu ke nan, kuma wannan karon babu cewa bakin ne kawai. Matar da ta tafi a irin wannan lokaci, ba a sake shimfiɗa mata tabarma a garin nan.

Lahadi, 21 ga Yuli, da azahar

Na fara haɗa jaka. Na fara da littattafai, sai na ga babu wurin tufafi.

Litinin, 22 ga Yuli, da yamma

Wani jirgi ya iso daga gabas. Sun zo da wani abu da suka tsinta yana yawo a ruwa: guntun katako mai koren fenti, da jarka. Maza sun taru a kai. An kira Daeng Ngai ta duba, tunda jirgin mijinta ne. Ta duba ta ce ba nasu ba ne, ta faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Sannan ta zauna a kan yashi, aka kasa tashe ta.

Rabin jiragen garin nan koren fenti gare su. Kowa ya sani.

Ba zan rubuta abin da ake cewa ba.

Talata, 23 ga Yuli, da safe

Ammak ta ci abinci a tsaye, ta bar min rabona a rufe. Kullum tana bar min. Ba ta magana, amma tana bar min.

Laraba, 24 ga Yuli, bayan la'asar

Sun zo.

Na ji tsani yana ƙara, ƙafa bayan ƙafa. Daeng Ngai a gaba, matan sauran 'yan jirgin a bayanta, Sia a can ƙarshe tana kallon ƙasa. Suka cika tabarma. Ni ina bakin ƙofar ɗaki, na kasa shiga na kasa fitowa.

Ammak ta ce a bari ta dafa kofi tukuna. Ta dafa shi a hankali, ta jera kofuna, ta zuba wa kowa. Ba wadda ta taɓa.

"Daeng Kebo," in ji Daeng Ngai, ta kira Ammak da sunanta, "ba rigima ta kawo mu ba. Kin san abin da aka yi a gidan nan. Maza shida ne a jirgin. Abin da aka tsinka sai an mayar. A aske kan duka, a naɗe a ganye da ƙwai a kai wa ruwa. In an gama, ki mayar musu da 'yarsu kan dutse. Ba ma so mu ƙara ganinta a bakin ruwa."

Wata ta ce, "Ga aska na zo da ita." Ta fito da ita daga zani ta ajiye kusa da kofinta. Na kama katakon ƙofa.

Ammak ba ta kalli askar ba. Ta sa hannu ta kwance mayafinta. Ban taɓa ganin kanta a buɗe ba, ko wanka sai ta rufe ƙofar bayan gida. Ta zare tsinken da ke riƙe da ƙullin, ta miƙe tsaye.

Gashin ya zubo. Fari, siriri, ya wuce ƙugu, ya wuce gwiwa, ya kwanta a kan katako. Daga gwiwa zuwa ƙasa ba gashi ba ne kuma, wani abu ne kamar saiwar ciyawa da aka tuge ta bushe, kowane sili ya tsage ya sake tsagewa.

"Ranar da baban Sahar ya sauka tsanin nan ya tafi teku," ta ce, "Sahar bai fara tafiya ba. Daga ranar zuwa yau ƙarfe bai taɓa kan nan ba. Ban yi kuka a bakin ruwa ba. Ban kwana ko'ina ba. Uwata ta rasu a Takalar, na je na dawo a ranar, ke kika raka ni, Ngai. Ƙarya nake?"

"Ba ƙarya kike ba."

"To ina yake?"

Ba wadda ta yi motsi. Har kajin ƙasa nake ji.

"Ga igiya nan," ta ce, ta ɗago gashin da hannu biyu. "Duk garin nan babu mai irin tsawonta. Ina yake?"

Sia ta fara kuka ba sauti.

"Yarinya ta yi wauta. A gidana ta yi, a shinkafata ta zuba, ni zan ji da ita. Ke mai aska, mayar da abinki cikin zani kafin ki yanke kanki."

Daeng Ngai ta rufe fuska da mayafi. Muryarta ta canja, ta koma kamar ta yarinya. "To me za mu yi, Kebo? Faɗa min. Zama kawai?"

"Zama kawai. Ku sha kofinku, ya huce."

Wasu sun sha. Suka sauka ɗaya-ɗaya. Ba wadda ta kalle ni.

Alhamis, 25 ga Yuli, da hantsi

Ta yi min magana. "Ɗauko man kwakwa. Tunda kin gani, sai ki yi aikin."

Ta zauna a bakin tagar nan, tagar dai, na zauna a bayanta ina shafa mata ina tajewa daga ƙasa zuwa sama. Yana tsinkewa a mataji ko na bi a hankali.

"Kada ki ɗauka na huce," ta ce.

"Ban ɗauka ba, Ammak."

"Kwana nawa na yi ina tsince miki ƙazanta daga shinkafar ɗana, har yanzu ban gama ba. Ido ya tafi."

Na daɗe ina tajewa kafin na iya tambaya. "Ammak, to ke kin yarda da dokar ko ba ki yarda ba?"

"Wa ya tambaye ni yarda?" ta ce. "In na yanke, na ce ya..." Ta faɗi kalmar. Ita tana iya faɗa. "Ni kuwa ba wanda ya kawo min shi na gani. Sai na bari zuwa baɗi. Baɗi ta zo na sake bari."

Mataji ya tsaya a hannuna.

"Na ji kin kira wanki."

"Ammak..."

"Katakon gidan nan ba ya riƙe gashi, ba ya riƙe magana. Ki tafi, Eda. Ba korarki nake ba, jiya kin ji. Amma kina da ƙuruciya, kina da uwa a raye. In kin tafi za su zage ki, su zage ni, su gaji. In kin zauna, ba ni da abin da zan ce miki zai faru. Ki dubi kan nan da kyau tun yana hannunki. Wannan ba ya cikin littattafanki."

Na duba. Na naɗe mata shi, na sa tsinken. Ya fi yadda na zata nauyi.

Da yamma na buɗe gwangwanin ɗinki neman allura. Almakashin ya dawo.

Juma'a, 26 ga Yuli, bayan an sauko masallaci

Waya a kan tabarma. Ba ta yi ƙara ba.

Sia ta zo ta zauna a matakin ƙarshe na tsani, ta juya min baya.

"Ban yafe miki ba," ta ce.

"Na sani."

"Ba ni littafi ɗaya. Wanda mutumin yake dawowa."

"Duk suna dawowa."

"To ba ni mai ƙananan shafuka, kin san ni da karatu sai barci."

Sai da na kwance jaka na ciro mata. Ta ga jakar ta ƙofa. Ta karɓi littafin, ta daɗe tana kallon bangon.

"Gobe ne?"

Na juya na janyo ƙofar ɗakin.

Asabar, 27 ga Yuli, da azahar

Talli ya iso da hantsi, ƙura har gira, buhun dankali da kabeji ɗaure a bayan babur. Ya gaishe da Ammak da ladabi, ta amsa, ta sauka ƙasa da faifanta ta bar mu.

"Ina kayan? Mama ta gyara miki ɗakinki, har ta shanya bargo. Yi sauri kafin hazo ya rufe hanya a sama."

Na shiga ɗaki. Jakar tana kan gado. Na tuna sanyin Malino da ƙamshin itatuwa, da yadda gashina yake kwantawa a can ba sai da mai ba. Ba wanda zai ajiye min sabulu a tebur. In waya ta yi ƙara, a can ma za ta yi.

Na sunkuya ɗaukar jakar, sai na hango ta tsakanin katako. Ammak ce a ƙasa, daidai ƙarƙashina, faifai a cinya. Ta kawo shi dab da fuska tana laluben shinkafar da yatsa. Ta tsinci wani abu ta ɗaga a haske, ashe ƙwayar shinkafa ce baƙa. Ta mayar. Ta sake lalube.

Ban san ko igiya ce ba. Ban san ko na tsinka wani abu ba. Abin da na sani, in ya tako tsanin nan zai tarar da shinkafa, kuma ni na zuba mata gashi, idona kuma shi ke gani.

"Eda! Rana tana yi!"

Na fito ba jaka.

"Ke, kin san hanyar da na biyo kuwa? Wasa kike da ni?"

"Yi haƙuri, Daeng. Sauke dankalin."

"In bai dawo ba fa? Sai yaushe?"

Ya faɗe shi a fili, shi da ba ya tsoron kalmomi. Na ce ban sani ba.

Na dafa masa kofi ya sha yana faɗa. Na ce ya gaishe da Mama, ya ce mata ta naɗe bargon. Ya koma shi kaɗai.

Na kwance jakar. Yanzu zan sauka in karɓi faifan. A nan zan zauna.